Daga Gadon Nemo Zuwa Dajin Totoro: Yadda Katun Ya Koyi Gaskata Yaro

Ranar Lahadi 15 ga Oktoba, 1905, jaridar New York Herald ta Amurka ta ware shafi guda sukutum ga wani yaro mai rigar barci, sunansa Nemo. Mai zanen, Winsor McCay, ɗansa Robert ya duba ya zana. Duk mako, da yaron ya kwanta sai Sarkin Ƙasar Barci ya aiko a taho da shi, daga nan kuma ido ya sha kallo: fadoji masu ginshiƙai har sama, giwaye masu ado, gadon da ya tsiro dogayen ƙafafu ya fice waje yana tsallake benayen birni. Amma ko ina tafiyar ta kai, ɗan hoton ƙarshe na ƙasan shafin bai cika sauyawa ba. Nemo ya farka, sau da yawa a ƙasa don ya faɗo daga gado, wani babba a gidan yana yi masa faɗa, ko kuma a ɗora laifin kan abin da ya ci kafin ya kwanta.

Wannan ɗan hoto na ƙarshe ya fi sauran shafin daɗewa a duniya. Shi ne sharaɗin da manya suka gindaya wa tunanin yaro: je ka inda ka ga dama, ga abin da ka ga dama, amma da gari ya waye ka dawo ka amsa cewa babu komai. Masu katun suka karɓi sharaɗin suka yi ta aiki da shi shekara da shekaru, kuma a ganina tarihin katun na almara, in aka tace shi, tarihin yadda aka warware wannan sharaɗi ne sannu a hankali.

Da farko ma ba don yara ake yi ba. Lokacin da Émile Cohl ya nuna Fantasmagorie a Faris cikin 1908, zane kusan 700 da ba su cika minti biyu ba, manya ne suka biya kuɗi suka shiga. Amma a dubi kamannin fim ɗin: farin layi a kan baƙi, sai ka ce ɗan makaranta ya samu alli da allo malam ba ya nan. Kwalba ta koma fure, fure ya koma giwa, giwa ta koma gida, babu wanda ya tsaya yin bayani. McCay shi ma ya ce ɗansa ne ya kawo gida wasu ƙananan littattafai da ake kaɗa shafukansu da babban yatsa hoto ya motsa, abin ya shiga ransa, har a 1911 ya zauna ya yi zane wajen 4,000 don Nemo ya yi motsi a majigi. Wato tun ranar farko sana'ar daga hannun yara ta aro dabarunta, ko da yake ba a ajiye musu kujera a zauren kallo ba.

Walt Disney da mafarki ya fara. A 1923, a garin Kansas, kamfaninsa na farko yana dab da durƙushewa, ya ɗauki wata yarinya 'yar shekara huɗu mai suna Virginia Davis ya saka ta da ranta a cikin duniyar zane a matsayin Alice. Ta yaya ta shiga? Ta kai ziyara wurin masu zane da rana, da dare ta yi mafarki. Kamfanin ya karye, Disney ya ɗauki faifan ya tafi Hollywood, kuma da shi ya samu kwangilar gajerun finafinan Alice sama da 50 da suka kai shi 1927.

A daidai wannan lokaci wata mata a Jamus ta bi wata hanya daban, kuma ita ce na fi so a tsaya a kanta. Lotte Reiniger, haifaffiyar Balin ta 1899, tun tana ƙarama almakashi ne abokin wasanta. Takan yanka mutane da dabbobi a takarda, ta kafa ƙyalle da fitila, ta tara 'yan gida ta yi musu wasan inuwa. Da ta girma ba ta bar wasan ba, kyamara kawai ta ƙara masa. Daga 1923 zuwa 1926, a wani ɗan ɗaki da ke saman garejin wani attajiri, Louis Hagen, a Potsdam, ita da mijinta Carl Koch da abokan aiki ƙalilan suka haɗa labarin Yarima Ahmed, wanda ta tsakuro daga Dare Dubu da Ɗaya da mai karatun Hausa ya sani sarai. Kowane mutum a fim ɗin kwali ne da falle-fallen dalma, an yanka gaɓa-gaɓa an ɗaure da siririyar waya. A shimfiɗa shi kan gilashi, a kunna haske daga ƙasa, a matsa hannunsa kaɗan, a ɗauki hoto, a sake matsawa, a sake ɗauka. Rufin ɗakin ya yi ƙasa ƙwarai, don haka a durƙushe take aiki. Haka aka samu dokin da ke tashi sama, da Aladdin da fitilarsa, da faɗan boka da mayya inda kowa ke rikiɗa daga wannan dabba zuwa waccan. Shi ne dogon fim ɗin katun mafi tsufa da ya saura a duniya yau, ya girmi Snow White na Disney da shekara 11. Kuma babu mai farkawa a ƙarshensa. Reiniger ba ta ga dalilin ba da haƙuri a kan doki mai tashi ba.

Disney ne dai ya ci kasuwa. Snow White ya fito a Disamba 1937 bayan ya lashe kusan dala miliyan ɗaya da rabi, ana ta yi wa mai shi dariya cewa ya jefa dukiyarsa a rijiya, sai ga shi ya mayar da kuɗin ninkin-ba-ninkin. Gwanintar gidan ba abin musu ba ce. Sun koyi yadda tufa ke kaɗawa, yadda ɗigon ruwa ke faɗuwa, har barewa aka kawo musu da ranta don su zana Bambi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne irin kallon da suke yi wa wasan yaro. A Pinocchio na 1940, yaran da suka gudu daga makaranta suka tafi tsibirin holewa jakuna suka koma, aka sayar da su zuwa ramin haƙar gishiri. A Dumbo na 1941 akwai mintocin da suka fi kowane a tarihin gidan sakin linzami, inda giwaye masu launin hoda ke fareti suna narkewa suna haɗuwa, amma sai da aka nemo hujja tukuna: ɗan giwan ya sha ruwan da giya ta zube a ciki. Alice ta 1951, da duk launukan ban mamaki da Mary Blair ta tsara mata, a gindin bishiya ta farka 'yar'uwarta na tashinta. Wendy ta Peter Pan a 1953 barci aka same ta tana yi a bakin taga. Ko dai mafarki, ko maye, ko horo. Tunanin yaro bai isa ya tsaya da ƙafarsa ba sai da takardar izini.

Sauyin daga gabas ya ɓullo. A 1957 gidan katun na gwamnatin Sobiyet, Soyuzmultfilm, ya fitar da Sarauniyar Ƙanƙara na Lev Atamanov, inda wata yarinya, Gerda, ta ba kogi takalmanta ta kama hanya ƙafa ba takalmi don nemo abokinta. Shekara guda bayan haka kamfanin Toei na Japan ya fitar da dogon katun mai launi na farko a ƙasar, labarin Farar Macijiya. Wani ɗan sakandare mai shekara 17, Hayao Miyazaki, ya kalle shi ya kasa mantawa. Ya shiga Toei a 1963 a matsayin ƙaramin mai zane, aikin ya gundure shi har ya fara tunanin bari, sai ya ga fim ɗin Atamanov. Ya sha faɗa daga baya cewa shi ya tsayar da shi a sana'ar. A nan Toei ya haɗu da Isao Takahata, wanda ya girme shi da 'yan shekaru, a harkar ƙungiyar ma'aikata.

Kafin mu bi su, akwai namu a wannan zamani da bai kamata a tsallake ba. Moustapha Alassane, ɗan Nijar haifaffen 1942, shi ma da fitila da akwati da inuwa ya fara tun yana yaro, yana nuna wa mutanen garinsu zanen da ya yi. Kanikanci ya koya, sannan ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin mai katun Norman McLaren, ya yi La Mort de Gandji, sannan Bon Voyage Sim a 1966. Sim kwaɗo ne, shugaban ƙasar kwaɗi, an gayyace shi ziyarar aiki, ga fareti, ga jawabi, ga taken ƙasa, duk cikin 'yan mintoci. Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba sai an fassara masa dalilin ɗora wa kwaɗo hular mulki ba. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana masu launi, daga baya kuma Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya ke kokawa a fage kamar yadda ake yi a Nijar. A Tawa ya zauna yana aikinsa da abin da hannu ya samu, ya rasu a Wagadugu cikin Maris 2015. A 2017 gidan adana kayan fasahar zamani na Niyok ya ware kwanaki yana nuna finafinansa. Da wuya ka tarar da yaro a Kano ko Katsina da ya taɓa ganin ko ɗaya, kuma wannan laifin gidajen talabijin ɗinmu ne.

Talabijin ta zo da albarka da annoba a jaka ɗaya. Ranar 1 ga Janairu, 1963, Osamu Tezuka ya fara nuna Astro Boy a Japan, kashi guda kowane mako. A sinima hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. Tezuka ya rage zane ƙwarai, a bar fuska tsaye baki kawai ke motsi, a maimaita abin da aka riga aka zana. Ya sayar da shirin ƙasa da abin da ya kashe, yana sa ran cike giɓin da cinikin kayan da ke ɗauke da hoton jarumin. Amurka ta kai wannan lissafi ƙarshensa bayan da gwamnatin Reagan ta sassauta dokokin shirye-shiryen yara. Kamfanin Mattel ya fitar da 'yan tsanan He-Man a 1982, katun ɗin ya biyo baya a 1983. A lura da jerin: abin sayarwa aka fara ƙerawa, sannan aka nemo masa labari. Kowane kashi kuma da wa'azin rabin minti yake ƙarewa, don iyaye su yi shiru. Voltron na 1984, wanda aka yanko daga wani shirin Japan, ya iso har gidajen talabijin na Najeriya, kuma waɗanda suka yi ƙuruciya a lokacin ba su manta da zakunan nan biyar ba. Yaran da iyayensu ba su da kuɗin sayen abin wasan, suka koma ga kara da gwangwani da laka suka ƙera nasu, ina ganin su suka fi cin ribar kallon.

Takahata da Miyazaki a cikin wannan talabijin ɗin suka yi wani abu da ba a saba ba. Da za su yi Heidi, wanda aka nuna a 1974 cikin kashi 52, sai da suka je Suwizalan suka ga duwatsun da idonsu, suka ga yadda ake tatsar akuya da yadda ake kwana a kan ciyawa. Babu aljani a Heidi, babu takobi. Yarinya ce ta cire tarin rigunan da aka jibga mata ta ruga kan tudu, kuma kyamara ta tsaya tana kallonta ba gaggawa. A nan suka gano abin da ya zama jarinsu: kafin ka zana abin da yaro ke gani a ransa, sai ka iya zana yadda yake tsugunawa, yadda yake gudu kai a gaba, yadda yake faɗuwa ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya yanke shawarar yin kuka.

Sun kafa Studio Ghibli a 1985 tare da Toshio Suzuki. Ranar 16 ga Afrilu, 1988, fim ɗin Miyazaki, My Neighbor Totoro, ya fito, kuma a nan ne aka karya dokar Nemo, a fili, da gangan.

Labarin ba shi da yawa. Wani malamin jami'a ya koma ƙauye da 'ya'yansa mata biyu, Satsuki da ƙanwarta Mei 'yar shekara huɗu, don su kusanci asibitin da uwarsu ke jinya. Mahaifiyar Miyazaki ta yi shekaru tana fama da tarin fuka da ya kama mata ƙashin baya lokacin yana yaro, saboda haka ya san irin shirun gidan da uwa ba ta nan. Kusan rabin sa'a na farko babu abin da ke faruwa in ban da share gida, ɗebo ruwa, da wasu 'yan baƙaƙen halittun kunkunniya da ke gudu in an buɗe ƙofa. Mei ita kaɗai a tsakar gida, tana tsokanar talibambam a kududdufi, tana leƙe ta ƙasan tsohon bokiti da ya huje. Ta wannan hujin ta hango ƙwallon itace a ciyawa, ta bi shi, ta ga wata ƙaramar halitta mai kunnuwa tsaye, ta bi ta cikin surƙuƙi har ta afka kogon wani ƙaton itacen kafur, ta faɗa kan cikin wata ƙatuwar halitta, Totoro, ta yi barci a wurin.

Sai Satsuki ta dawo daga makaranta ta tarar da ita kwance a ƙasa cikin daji, babu Totoro, babu kogo. Wanda ya san tarihin nan zai ce to, an zo wurin: yanzu za a ce mata mafarki ta yi. Aka yi mata dariya, ta ɓata rai ta ce ba ƙarya take yi ba. Uban ya daina dariya, ya ce shi bai ɗauke ta maƙaryaciya ba, mai yiwuwa ta yi sa'ar haɗuwa da mai dajin ne, kuma ba kullum ake ganinsa ba. Ya kama hannunsu suka je gaida itacen. Gaisuwar itace al'adar Shinto ce, ta mutanen Japan, ba tamu ba, ko da yake mu da aka hana zuwa gindin tsamiya da tsakar rana mun san yadda babban itace ke cika zuciyar yaro. Abin da ya dame ni a nan shi ne uban. Ga babba ya ji labarin yaro bai gyara masa ba.

Daga nan Miyazaki ya riƙa barin shaida. Satsuki ta ara wa Totoro laimar babansu a tashar bas cikin ruwan sama, kuma laimar ta tafi ke nan. Ya ba su ƙunshin iri, suka shuka, da dare suka tashi suka yi rawa tare da shi itace ya tashi har sama. Da safe babu itacen, amma irin ya tsiro. A ƙarshe, bayan Mei ta ɓace a hanyar asibiti kuma bas mai siffar kyanwa ta kai yaran can, iyayen suka tsinci masara a bakin taga da rubutun yara a jikin ɓawonta. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne a harkar duniya. Fim ɗin nan ya ce akwai kuma abin da ɗan shekara huɗu ke gani a tsugune wanda babba ya wuce ta kansa da takalmi.

Tikiti ɗaya aka sayar wa mutane na Totoro da fim ɗin Takahata, Grave of the Fireflies, kuma ban san haɗin da ya kai wannan nauyi ba. Shi ma akwai 'yar shekara huɗu, Setsuko, ita da wanta a Kobe cikin 1945 bayan an ƙone garin da bama-bamai. Ita ma tana wasa. Da yunwa ta ci ƙarfinta sai ta cura laka ta ce shinkafa ce ta miƙa wa wanta. Takahata, wanda ya tsira daga ruwan wuta a Okayama yana ɗan shekara tara, bai bar wasan ya cece ta ba. Duk mai son ya ce tunanin yaro maganin komai ne, ya fara kallon wannan. Finafinan biyu ba su yi wani ciniki a sinima ba. Sai bayan shekara biyu, da aka amince a yi 'yar tsanar Totoro, kuɗi suka fara shigowa. Abin dariya ne kaɗan: gidan da ya ƙi bin hanyar He-Man, 'yar tsana ce ta riƙe shi. Bambancin dai shi ne a nan labarin ya riga abin sayarwa zuwa.

A 1998 Michel Ocelot, Bafaranshen da ya yi ƙuruciyarsa a Gini, ya fitar da Kirikou et la Sorcière, da kiɗan Youssou N'Dour da muryoyin da aka ɗauka a Dakar. Kirikou, jaririn da ya yi magana tun yana ciki, ya fito ya tarar mayya Karaba ta ƙafar da rijiyar gari ta kwashe maza. Manya sun saba da tsoronta. Shi kuwa tambaya ɗaya ya nace a kai: me ya sa take mugunta? Har sai da kakansa ya gaya masa wata ƙaya ce aka soka mata a gadon baya. Ƙirƙirar Kirikou ba ta tashi sama ba ce, ta yin tambayar da manya suka gaji da yi ce.

Spirited Away na 2001 ya kai abin wani mataki. Miyazaki ya ce 'ya'yan abokansa 'yan shekara goma da ke zuwa hutu gidansa na kan dutse ya duba, ya ga babu fim ɗin da aka yi dominsu. Chihiro, yarinyar fim ɗin, ba kyakkyawa ba ce ta a zo a gani, ba ta da sihiri, mita ma ta iya. Iyayenta suka ci abincin da ba nasu ba suka koma aladu, aka karɓe mata suna, ta kama aikin wanke-wanke a gidan wankan iskoki. Da aka kawo wani baƙo mai ɗoyi kowa na gudu, ita ta lura da wani ƙarfe a jikinsa. Aka ja, sai ga keke, ga tarin shara, ashe kogi ne da mutane suka cika da bola. Miyazaki ya taɓa fita aikin gayyar share wani kogi suka ciro keke daga laka, daga nan ya samo wannan. Haka almararsa take, kullum da ƙafa ɗaya a abin da ido ya gani. Fim ɗin ya tara sama da yen biliyan 30 a Japan, ya riƙe kambin ciniki har 2020, ya ci babbar kyautar bikin Balin a 2002 da Oscar a 2003.

Amurka kuwa kwamfuta ta kawo. Toy Story na Pixar, Nuwamba 1995, shi ne dogon fim na farko da aka yi gaba ɗaya da ita, kuma da wasan yaro ya buɗe: Andy ya jera kwalaye ya mai da su gari. Ina son fim ɗin, amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaron maƙwabta, Sid, wanda ke ɓalle kayan wasa ya haɗa kan wannan da ƙafar wancan, shi aka mayar mugu, alhali shi kaɗai ne a unguwar ke ƙera abin da ba a sayar a kanti. A Inside Out na 2015, wanda Pete Docter ya yi bayan ya ga 'yarsa ta fara yin shiru tana shekara 11, akwai Bing Bong, abokin da yarinyar fim ɗin ta ƙaga tun tana ƙarama, mai ɗan kama da giwa da kyanwa. Ya sadaukar da kansa a ramin mantuwa ya shuɗe. Mutane sun yi kuka a sinima, kuma an yi shi da gwaninta. Sai dai tsohon sharaɗin ne ya dawo da sabuwar riga: a da yaro ke farkawa, yanzu girma yake yi, kuma dole abin da ya ƙaga ya mutu kafin ya wuce gaba.

Wani ƙaramin gida a Kilkenny ta ƙasar Ailan, Cartoon Saloon, ya fi su fahimtar amfanin ƙage. A The Breadwinner na 2017, wanda Nora Twomey ta shirya, Parvana 'yar shekara 11 a Kabul ta aske gashinta ta shiga kayan maza don ta ciyar da gida bayan an kama babanta. Da dare tana yi wa ƙaninta tatsuniyar wani yaro da Sarkin Giwaye, kuma an zana tatsuniyar kamar yankakkiyar takarda, jikar aikin Reiniger. Sai can ƙarshe ake gane cewa yaron tatsuniyar wanta ne da ya mutu, wanda ya tsinci abin wasa a titi ashe bam ne. Abin da bakin gidan ya kasa faɗa shekaru, tatsuniya ta faɗe shi.

Yau yawancin katun ɗin da ƙananan yara ke gani a waya suke ganinsa, launi mai ƙyalli da waƙa mai maimaici, wani na bin wani ba tsayawa, an auna shi don kada ido ya ɗauke ko na daƙiƙa. Irin wannan bai bar wa yaro gurbin da zai cika da nasa ba. An sha ruwaito cewa da wata uwa ta gaya wa Miyazaki ɗanta na kallon Totoro kullum, bai ji daɗi ba, ya ce sau ɗaya a shekara ya isa, sauran lokacin a bar shi ya fita waje. Duk da haka zamanin bai rasa nasa ba. Bluey, wanda Joe Brumm ya fara a Ostireliya cikin 2018 daga kallon 'ya'yansa mata biyu, minti bakwai ne kowane kashi, ba sihiri ko kaɗan, 'yan kwikwiyo biyu ne ke ƙaga wasa iyayensu na shiga ciki da gaske. Shi aka fi kallo ta intanet a Amurka a 2024 bisa ƙididdigar kamfanin Nielsen.

Sai kuma Flow. Gints Zilbalodis, ɗan Latbiya haifaffen 1994, tun yana ɗan makaranta yake haɗa gajerun katun, kuma dogon fim ɗinsa na farko, Away na 2019, shi kaɗai ya yi, har kiɗan. Flow labarin kyanwa ne da ambaliya ta cinye mata duniya, ta shiga jirgin ruwa da wasu dabbobi. Babu magana ko kalma ɗaya, babu mai bayyana inda mutane suka tafi, an bar wa mai kallo, yaro ko babba, ya cika da kansa. A Maris 2025 ya ci Oscar, na farko ga ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyu ba, kuma cikin waɗanda ya kayar har da Inside Out 2 da aka ƙiyasta ya ci dala miliyan 200. Shi kuwa bai kai yuro miliyan huɗu ba, kuma da manhajar Blender aka yi shi, wadda kyauta ake saukewa. Matasan da ke koyon katun a Kano da Kaduna da Yamai, ita ce dai wadda ke cikin kwamfutocinku.